Bokitin Auta

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki?

Makarantar nan tana nan yadda kika bar ta, daji gaba daji baya. Wai ina kiran Umma cikin barci, shi ne manyan ɗakinmu suka sa mini suna Jaririya. Kafin in ci abinci sai na hau benci na yi musu kukan jarirai. In bai yi daɗi ba in sake. Na gaya wa matiron mai kula da mu, ta ce wasa ne.

Da yamma nakan tsaya jikin wayar shingen makaranta ina kallon motoci. Har ƙarar keken ɗinkin Umma nake kewa, wadda a da take hana ni karatu.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Ina amsawa. Aiki yana nan, bai ƙare ba, bai kashe kowa ba.

Ashe har yanzu akwai wasan benci? Makarantar da ta kasa gyara famfo ta iya adana tarihi. A zamaninmu ni Akuya ce, ga shi yau ina da ofis da fanka. Ki daure, manyan nan baɗi za su fita. Na aiko da sabulu. Ki kula da bokitinki, a can ya fi dangi amfani.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaida ki. Sabulu ya iso, na gode. Kada ki ƙara wahalar aikowa.

Yanzu ba na damuwa. Benci ma da kaina nake hawa. Na ba Tabarau bokitina, yarinyar da gadonta ke kusa da nawa. Na haɗa mata da kwaɗon akwatina, nata ya lalace. Wani lokaci nakan ga in babu ni kowa zai huta, har ni.

Ki ce wa Umma ta yafe mini rigarta da na ƙona da dutsen guga.

Auta

*

Umma,

Barka da gida, ya ƙafar taki?

Kada hankalinki ya tashi, Auta tana wurina. A ofis na karanta takardarta, ban ko kashe fankar ba na fita. Umma, a makarantar nan ana ba da aron littafi, har da takalmi. Ba a kyautar bokiti. Sai wadda ta gama, ba za ta dawo ba.

Na same ta jikin waya. Na tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Ta ce, "Wani lokaci. Yaya, da motar wa kika zo?" Shugabar makaranta ta tabbatar mini yaransu duk 'yan uwan juna ne. Na yaba mata, na ɗauko akwatin.

Mun ga likita, za mu riƙa komawa. Tana cin abinci, a zaune. Tana kiranki cikin barci, ni kuma ina amsawa a madadinki, amma ba ta yarda da muryata. Ki zo. In da hali, har da keken.

'Yarki

*

Tabarau,

Ya karatu? Ban san ko zan dawo ba, ko wata makarantar za a kai ni. Ki riƙe kwaɗon.

Bokitin dai aro ne. Kada ki fasa mini shi.

Auta