Taraktar Kawu Ta Kwanta a Kakuri

Makera, Kaduna.

Zuwa ga Kawu Ilu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Inna? Yaya yara da sauran mutanen gida? Mu nan sai haƙuri, masaƙa ma ta fara sallamar ma'aikata.

Kawu, maganar taraktar da ka aiko mini gyara ce, kuma babu daɗi. Famfon mai ne ya mutu. Na zaga Kakuri da Unguwar Talbijin shago-shago, babu shi. Da na ce wa Oga Sunday mai sayar da kayan gyara ai haɗin gida ce, dariya ya yi, ya ce, "Malam Sani, fenti ne kawai namu. Kayan cikinta duk jirgin ruwa ke kawowa, kuma yanzu an hana shigowa da su."

Sai na tuna da tsohuwar taraktarka 'yar waje, wadda ka sayar wa maigidana na gareji ka sayi wannan. Na je in roƙi famfonta ko zai shiga. Wallahi na tarar an yanka ta kamar saniya, kowane makanike ya ɗauki rabonsa. Kayanta har yau suna aiki a jikin taraktocin mutane, sabuwar taka kuwa kaji ke ƙwai a ƙarƙashinta.

Ban ga alamar za ta tashi ba, bana ko baɗi. A sa mu a addu'a, a gaishe mini da Goggo Rabi.

Shanun huɗar nan da ka ce za ka kai kasuwa, don girman Allah, Kawu, a bar su.

Ɗanka,
Sani.