Jirgin Don Eulalio Ya Ruɓe, Ni Kaɗai Na Sani

Doña Casilda,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Kwana tara ke nan abu ɗaya yana cin raina, na kuma kasa faɗa wa wanda ya kamata ya ji. Ki yi haƙuri in na yi ta zagaye-zagaye, hannuna ya fi sabawa da samfefa a kan biro.

Shekarata arba'in da shida, ashirin da biyu daga ciki a wata ma'aikatar gyaran jiragen ruwa na yi su, nan garin Fronteras na bakin kogi, ƙasa da gada kaɗan. Da goyo na fara. Aikina goge gindin jiragen baƙi, in koma gida fari fat da ƙura har 'yata ta ƙi yarda in ɗauke ta. Yau kuwa duk wanda zai sayi tsohon jirgi a bakin kogin nan, sai a ce masa ya jira in zo in duba. Na san yabon kai ne, amma gaskiya ce.

Wanda ya kai ni nan shi ne Don Eulalio, babban ma'aikacinmu na da. Lokacin da maza ke dariya wai mace da guduma, shi ya ce su rufe baki. Shi ya koya mini ƙwanƙwasa jikin jirgi in saurara: wuri mai lafiya yana amsawa ƙal-ƙal, wanda ya sha ruwa sai ki ji ɗif. Har gobe "yarinya" yake ce mini, ga furfura a kaina. Yanzu ya kai saba'in da huɗu, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, kunnen ma sai an ɗaga murya.

Yana da ɗan jirgi mai filafili, na faiba, wato roba mai tauri, tsawonsa ƙafa ashirin da shida, sunansa La Terca. Jirgin ya fi shekara arba'in, shi kuma ya yi talatin yana tuƙa shi. Tun ina goge-goge nake kallon jirgin nan ina haɗiyar yawu. Ranar Asabar waccan muna cin soyayyen kifi da baƙin wake a rumfar ma'aikata, sai ya buga tebur ya ce a gaban kowa: "Na gama da ruwa. La Terca yarinya zan sayar wa in tana so. Ku kuwa 'yan baƙin ciki, duk wanda ya nuna mini ƙusa ɗaya mai tsatsa a jikinta, zan cinye hular nan tawa!" Aka yi ta tafi. Ni kuwa hawaye ne suka cika mini ido.

Washegari bayan coci na tafi ni kaɗai, da guduma da tocila da sukundireba. Ba zargi ya kai ni ba, sabo ne. Ko jirgin mahaifina ne sai na duba.

Doña, ina taka daɓen jirgin kusa da gindin jigon da ke ɗauke da filafili, na ji ya lotsa a ƙarƙashin ƙafata kamar burodi. Na ƙwanƙwasa, ɗif, ɗif, faɗin tabarma guda. Ruwa ya daɗe yana shiga ta ramukan ƙusa, katakon da ke tsakiyar faiban ya zama kunu. Na bi wayoyin ƙarfen da ke riƙe da jigo da tsumma, tsumman ya maƙale a wuri biyu, silin waya ya tsinke. Ƙarfen da aka ɗaure wayar hagu a jikinsa yana zubar da jan hawayen tsatsa ta cikin ɗakin jirgin, an kuma shafe shi da fenti. Na ɗaga katakon ƙasa na haska manyan ƙusoshin da ke riƙe da nauyin dalmar gindin jirgi, wadda ke hana shi kifewa. Notinsu ya kumbura, ina taɓawa yana ɓarewa kamar albasa. Famfon da ke shigo da ruwa ga injin ya ƙi juyawa ko kaɗan. Na faɗa ruwa na girgiza matuƙin, wato allon da ke juya jirgi a ƙarƙashin ruwa, yana rawa. Filafilin ma rana ta cinye zarensa, da farce na tsinka ɗinkin.

Ga abin da nake jin kunyar faɗa. Ina zaune a jiƙe a cikin jirgin, abin da na fara ji ba baƙin ciki ba ne. Alfahari ne. Na ce a raina, kai, na iya aikin nan! Babu namiji ɗaya a ma'aikatarmu da zai gano tsatsar da ke ƙarƙashin fentin nan. Sai daga baya na tuna jirgin wane ne.

Mijina Nery ya ce in biya abin da tsoho ya faɗa, in gyara a ɓoye, kada in kunyata shi. Ƙanwata Aracely ta ce in ce ba ni da hali, in zame jikina. Amma akwai wasu matasa, miji da mata daga babban birni, da ke zagayen jirgin, suna maganar bin teku zuwa ƙasar Beliz da jaririnsu. Ba su san bambancin tsatsa da jan fenti ba. Idan na janye, su za su saya. Iska ɗaya mai ƙarfi bayan garin Lívingston, inda kogin ya shiga teku, ta isa ta kayar da jigon nan.

Jiya ya tare ni a bakin ƙofa yana murmushi, ya ce, "Yarinya, kin ga amaryar? Ko kyanta ne ya ɗaure miki baki?" Na ce ina nan tafe. Ina son jirgin nan, Doña, na kuma san zan iya tayar da shi. Amma ta yaya zan dubi mutumin da ya ba ni sana'a in ce masa abin da yake taƙama da shi ya ruɓe?

Mai Kanta a Hannu, Fronteras

*

Mai Kanta a Hannu, 'yar'uwata,

Da farko, ki daina jin kunyar alfaharin nan. Shekara ashirin da biyu kika yi kina shaƙar ƙura kafin kunnenki ya kai haka. Haƙƙinki ne. Ni ma da nake karantawa sai da na ji kaina ya ƙara tsawo.

Nery yana da gaskiya a abu ɗaya: mutuncin tsoho ba abin wasa ba ne, musamman wanda ya yi cika-baki a gaban yaransa. Amma sayen shiru ba zai ɓoye komai ba. Ranar da kika fara yanke daɓen nan, duk ma'aikata za su gani, shi kuma zai zama na ƙarshe da zai ji, daga bakin wani. Wannan ya fi ciwo. Shawarar Aracely kuwa ki ajiye ta gefe ɗaya. Wanda ya san jigo zai faɗi ya yi shiru, yana da hannu a abin da ya biyo baya. Ko kin saya ko ba ki saya ba, dole ya sani kafin matasan nan su sake zuwa.

Ki kai shi jirgin ku biyu kawai, ranar da babu kowa. Kada ki karanta masa jerin laifuffuka. Ki ce ya cire takalmi ya taka gindin jigon. Idonsa ya yi rauni, kunnensa ya yi nauyi, amma tafin ƙafarsa bai tsufa ba. Ki miƙa masa tsumman ya bi wayar da kansa. Daga nan ki tambaye shi, a matsayin ɗalibarsa, ta ina zai fara in shi ne. Zai iya yin fushi, ya yi kwana biyu ba ya gaishe ki. Ki ƙyale shi.

Game da jirgin, ba duka abin da kika gani ne ke da nauyi ɗaya ba, kin fi ni sani, amma so yana rufe ido. Filafili, famfo, wayoyi da rawar matuƙi, aiki ne na sannu a hankali. Daɓen zai ci miki watanni, amma aikin hannunki ne. Ƙusoshin gindin nan su ne alƙali. Kada ki ba da kuɗi ko ketsal ɗaya sai an ɗaga jirgin daga ruwa, an zare ƙusa ɗaya kin ga cikinta da idonki, an kuma ciro ƙarfen nan na hagu. Tunda yana sama, ki duba ƙurajen jikin faiban, ki fasa ɗaya ki ji ko yana warin tsami. Lafiyar injin ma ba ki ambace ta ba: ki tayar da shi da sanyinsa, ki kalli hayaƙin. Idan tsatsa ta kai zuciyar ƙusoshin kuma ba sa canzuwa, ki haƙura da shi komai son da kike masa. Idan suna canzuwa, ku zauna ku yi farashin gaskiya.

Wani abu kuma. Mutumin da ya yi shekara talatin a kan daɓe ɗaya, da wuya a ce bai taɓa jin yana lotsawa ba. Ina kyautata zaton ya ji, ƙarfin gyarawa ne ya ƙare masa, faɗin hakan kuma ya gagare shi. Akwai masu saye da yawa a kogin nan, amma ke ya kira. Ki tuna da wannan lokacin da kike zaɓen kalmominki.

Idan komai ya daidaita, ranar da za ki fara ɗaga filafili ki ɗauke shi, ki bar masa tuƙi har ku wuce ƙarƙashin gada. Bayan nan ki karɓa, ki kuma karɓa da gaske, don jirgin naki ne.

Allah ya sanyaya masa zuciya, ya ba ki iska mai kyau da ruwa mai lafiya.

Doña Casilda