Dokar Ganin Dama

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Umma? Da aka yi mini canjin wurin aiki na bar miki kujerar mai jan labari a wasanmu na tebur, wanda kowa ke ɗaukar jarumi ɗaya a cikin labarin, ban ce ki rusa doka ba. Abokin wasanmu Direba ya gaya mini a zaman da ya wuce jarumin Tela ya shawo kan mai gadin ƙofar birni alhali Tela bai furta komai ba, ɗan lido kawai ya jefa. Doka ita ce, mai son lallashin wani a labari sai ya yi jawabin da bakinsa kafin ya jefa. Ki soke wannan nasarar.

Yayanki

Yaya,

Muna lafiya, Umma ta samu sauƙi, tana gaishe ka. Ba zan soke komai ba.

Dokoki biyu ka cakuɗa. Ta asali ta ce ɗan wasa ya faɗi abin da jaruminsa ke nufi, sai ya jefa. Ta jawabi kuwa tana ƙarshen littafin dokokin wasan, cikin na ganin dama, kuma ƙarin jifa ɗaya take ba wanda ya yi jawabin. Ba ta hana kowa jifa.

Ka san Tela yana da in'ina. Duk shekarun da kake jan labarin, jarumi bebe yake ɗauka, muna ta tsokanarsa. Rannan a ɗakin bayan kemis ɗina, muna jiran sauran su iso, ya ce mini ya fi son jaruminsa ya zama jakada, amma tun ranar da ya maƙale a tsakiyar jawabi Direba ya kwaikwaye shi kai ma ka yi dariya, ya haƙura. Na ba shi jakadan. Da jifansa ya ci, sai da ya cire tabarau ya goge ido. Wannan kake so in soke?

Ƙanwarka

Ƙanwata,

Na ga saƙonki. Na yarda dokar ta ganin dama ce, amma a teburin da na kafa ni ke ganin damar. In an daina jawabi, me ya rage ban da lido? Ina nan tafe hutu ƙarshen wata, ki kaɗe mini kujerata. Ki gaida Umma.

Yayanki

Yaya,

Allah ya kawo ka lafiya. Ba wanda ya daina jawabi. Jiya Tela da kansa ya tsaya gaban sarkin 'yan fashi na labarin ya yi nasa, ba wanda ya sa shi. Ya daɗe kafin ya kai ƙarshe, kuma ko tari Direba bai yi ba, don na riga na gargaɗe shi cewa in ya sake kwaikwayon, ga ƙofa nan.

Batun kujera kuma, ba ta hannuna. Mun zauna mun ba Tela, shi zai ja labarin da ke tafe. Ka zo da jaruminka. In Tela ya maƙale, za ka jira shi kamar kowa.

Ƙanwarka