Dama ko Fitila?

Haulatu,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau a Doha, sai ƙafafuna da ke ɗan kumbura saboda tsayuwar gadi. Kada ki damu.

Jiya a ƙofar filin ƙwallo wata tsohuwa 'yar Japan ta tare ni, mijinta mai ciwon mantuwa ya ɓace a cunkoso. Su harshensu ba ya raba "r" da "l". Ta ce da Turanci ya nufi "raito", na rasa ko "right" (dama) take nufi ko "light" (fitila). Abokin aikina ya yi dariya. Ni ban yi ba, don ni ma "fiful" nake cewa maimakon "people".

Haulatu, matar nan ko kunya ba ta ji ba. Ta yi ta maimaitawa, tana murɗa harshe, hawaye na zuba, har kalmar ta fito: "Light!" Muka ruga gindin babbar fitila, sai ga tsohon a tsaye yana jiranta.

Na ji 'yarmu Sauda ta daina magana a aji don ana mata dariya kan yadda take furta kalmomi. Ki zaunar da ita ki karanta mata wannan.

Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Garzali