Lemun da Marquel Ya Kasa Cafewa

Tallow Creek, Alabama
Lahadi, 6 ga Oktoba

Yaya Vernetta,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya aiki, yaya sanyin Koriya da kika ce ya fara leƙowa, yaya marasa lafiyarki na asibitin soja? Mu nan lafiya ƙalau. Gwiwata ce dai ke ƙorafi, ita ma ta san ba ni da lokacinta.

Ki taya mu murna, Yaya, garinmu ya samu jarumi, kuma ke kika haife shi. Ni dai ban taɓa ganin gari mai sanin darajar ɗan'adam irin namu ba. Shekara uku Marquel yana zuwa na ɗaya a lissafi, ko mai gadin makaranta bai san sunansa ba. Shekaranjiya Juma'a aka maka shi da ƙasa a filin ƙwallon Amurka, wadda ake jifa da cafewa da hannu, har kwalkwalinsa ya yi tsalle, sai ga shi yau Fasto ya ambace shi a coci tun kafin ya ambaci marasa lafiya.

Ga yadda aka yi. Saura minti biyu a tashi, 'yan Coffey Bend na gaba da mu da maki huɗu. Mai jifanmu ya wurga ƙwallo tsakiyar fili, wurin da masu hankali ba sa zuwa. Ɗanki ya tashi sama, ya miƙa hannu ɗaya ya cafe, ƙafarsa ba ta sauko ba wani ƙato ya zo masa kamar motar katako. Ina can saman benci ina sayar da dafaffiyar gyaɗa, amma ƙarar ta iso ni. Ya kwanta bai motsa ba. Bokitin gyaɗata ya kife ban sani ba. Can sai ya ɗaga hannu sama, ƙwallon na nan daram a hannun. Filin nan ya ɗauka. Mun ci wasa, ni kuma sai a lokacin na tuna ana yin numfashi.

Kada hankalinki ya tashi. Madam Kessler, matar da ke duba raunin 'yan wasa, ta fitar da shi nan take, jiya kuma ta zaunar da shi gaban kwamfuta ta yi masa gwajin ƙwaƙwalwa. Kin fi ni sanin abin: a watan Agusta kafin a fara kakar wasa kowane yaro yana yi, a haddace kalmomi, a danna maɓalli da sauri, a ajiye sakamako. Ranar da aka bugi kansa sai a sake, a gwada da na farko. In ya yi ƙasa, benci. Marquel ya kai na Agusta har ya ɗan haura. Saboda haka zai buga ranar Juma'a, kuma Juma'ar nan ce mutumin jami'a zai zo kallonsa, wanda muka shekara biyu muna jira. In ya burge shi, karatun shekara huɗu kyauta ke nan.

Kin tambaye ni me ya sa nake ɓata takarda alhali ga waya. Ai a waya ba kya barina in kai aya. Akwai ma wata 'yar dabara tawa a cikin wannan nasara, amma sai kin dawo.

Earline mai soyayyen kifi, maƙwabciyar rumfata, tana gaishe ki. Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Cleotis

*

Tallow Creek
Asabar, 12 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kuma a zaune. Kafin komai: yaron yana lafiya, yana ɗakinsa, yana fushi. Ki riƙe na farkon nan da hannu biyu, sannan ki ci gaba da karatu.

Kin san wasanmu na lemu. Tun yana shekara shida, duk ranar da ya shigo kasuwa daga makaranta nakan wurga masa lemu ba sanarwa, ta hagu, ta dama, ta bayan kankana. A rumfata aka yi hannun nan da gari ke alfahari da shi, ba a filin Koci Strickland ba. To ranar Talata ya shigo sanye da baƙin tabarau, alhali hadari ya rufe gari. Na wurga ta hagu. Yaya, lemun ya bugi ƙirjinsa, ya faɗi, ya gangara ƙarƙashin teburin Earline, sai bayan nan hannunsa ya taso.

Ya ce, "Kawu, rana ce ta kashe min ido."

Earline ta leƙa sama, ta leƙo ni. Ta ce, "Cleotis, shekara goma sha ɗaya ina kallon wasan biran nan naku, yau ne na fara ganin lemu ya taɓa ƙasa."

Na sake wurga wani a hankali. Ya rungume shi a ƙirji da hannu biyu kamar tsohuwar da aka miƙa wa jariri. Daga nan ya zagaya bayan motata, na bi shi, na tarar yana amai.

Yanzu ga dabarar da na ce sai kin dawo. A watan Agusta wani tsohon ɗan wasa, direban babbar mota da ke sayen kankana a wurina, ya raɗa min yadda masu wayo ke yi da gwajin nan. Na kira Marquel na ce masa, "In ka zauna gaban kwamfutar nan ka yi kamar wanda aka tasa daga barci. In sun ba ka kalma goma, ka tuna huɗu. Maɓalli kuwa ka danna shi kamar ana roƙonka." Ya ce, "Kawu, ai wannan ƙarya ce." Na ce, "Ba ƙarya ba ce, saita ma'auni ne tun da safe. Ranar da aka ɗan taɓa ka, ko da rabin kai za ka ci, ba mai ajiye ka a benci." Ya bi maganata saboda ni ne kawunsa, kuma ban taɓa faɗuwa a ciniki a gabansa ba. Wato gwajin da na yi miki alfahari da shi makon jiya, ba lafiyar ɗanki ya auna ba. Wayona ya auna.

Laraba ya same ni ina jera dankali. Ya ce, "Kawu, kwana biyu ne fa ya rage. Bari in buga Juma'a, Asabar ka kai ni duk likitan da ka ga dama. Kai ka koya min, kuma kai za ka kai ƙarata?" Na san in bai buga ba mutumin jami'a zai kalli ɗan wani. Na kuma tuna yadda hannun nan ya taso bayan lemu ya riga ya kai ƙasa.

Alhamis da safe ban buɗe rumfa ba. Na sa rigar coci na tafi makaranta. Madam Kessler ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba, ki ɗauki darasi. Sannan ta ce, "Mista Dubose, tun Agusta nake mamakin yaron da ya haddace salon wasa ɗari biyu amma kalma goma ta gagare shi. Na sa ya sake, ya sake faɗuwa daidai inda ya faɗi. Takarda ta ce lafiya, shi ya ce lafiya, ni kaɗai ce mahaukaciya a ɗakin. Na gode da ka zo." Da ma zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Koci Strickland kuwa ya tare ni a ƙofa, fuska ja wur. "Cleotis, ka san abin da ka yi wa yaron nan?" Na ce, "Na sani, Koci, tun Agusta na yi shi."

A ranar muka je asibiti a birnin Mobile. Likita ya ɗauki hoton kansa ya ce alhamdu lillahi, ko dai abin da likitoci ke faɗa a madadinsa: babu jini, ƙwaƙwalwa ce ta girgiza, hutu take so. Na tambaye shi da a ce an sake buga wurin ranar Juma'a fa? Ya cire tabarau, ya dube ni, ya ce wasu sukan tashi. Sauran ya bar min in ƙarasa da kaina. Na fita na zauna a mota har wajen rabin awa kafin na tayar da ita.

Jiya mutumin jami'a ya zo da hularsa da ɗan littafinsa. Marquel na benci da kayan gida. Mutumin ya sayi gyaɗa a hannuna, bai san ko ni waye ba, ya ce ta yi gishiri, ana hutun rabin lokaci ya kama hanya. An lallasa mu da maki goma sha bakwai. Yau a kasuwa mutane na gaishe ni kamar wanda ya sayar musu da ruɓaɓɓen ƙwai. Earline ce kaɗai ta turo min kifi da burodin masara ta ce, "Ci, sakarai." Tun da nake da ita ban taɓa ganin kyautarta ba sai yau.

Yaron ba ya min magana. Amma ina jin takunsa a ɗaki, kuma wallahi ban taɓa sanin takun mai fushi na da daɗin ji haka ba.

Wasiƙar nan za ta kwana goma a hanya. Ina roƙon Allah ki huce kafin ki fara rubuta amsa.

Ƙanenki mai laifi,
Cleotis

*

Tallow Creek
Lahadi, 10 ga Nuwamba

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan jiki da aiki lafiya. Amsarki ta iso, shafi huɗu gaba da baya. Ban san har irin waɗannan kalmomi ake koyarwa a aikin jinya ba. Na karɓa duka, ba ragi. Layin ƙarshe, inda kika ce gara ƙane wawa mai dawowa hanya, shi na ninke na sa a aljihun gaba.

Labari mai daɗi ne yau. Mako biyu yaron ya yi ba waya, ba talabijin, labule a sauke. Daga nan tafiya, daga nan sassarfa, Madam Kessler na biye da shi kamar inuwa. Da ciwon kai ya ɗauke gaba ɗaya sai ta sa shi sabon gwaji, na gaskiya wannan karon. Ba shi kaɗai ba, duk ƙungiyar ta sa suka sake, tana tsaye a kansu. Yaya, an yi abin al'ajabi a Tallow Creek: yara goma sha ɗaya sun wayi gari da basira. Ashe ba ni kaɗai ne kawu mai wayo a garin nan ba. Marquel ya tuna kalma goma cif, ya danna maɓalli har kwamfuta ta nemi ruwa. Yanzu ba shi da inda zai ɓuya, ko kansa ya ɗan sara za a gani.

Shekaranjiya ya koma fili. Sau bakwai aka jefa masa, sau bakwai ya cafe. Ni dai duk sa'ad da ya nufi tsakiya sai in ga ina ta gyara bokitin gyaɗa.

Mun shirya kuma, ba da magana ba. Ranar Laraba ina tsaye ina auna wa wata mata wake, sai ji na yi tim a ƙirji. Lemu ne. Ya faɗi ya gangara, inda kika sani, ƙarƙashin teburin Earline. Na ɗaga kai, ga ɗanki a bakin rumfa, hannu a aljihu. Ya ce, "Kawu, a kai ka Mobile a duba kanka." Earline ta ce, "Asarar mai ce, ba za a samu komai a ciki ba." Na ɗauki lemu uku na wurga a jere, ta hagu, ta dama, ta sama. Na ukun da yatsa uku ya kama shi, bai ko kalla ba. Na shiga bayan mota ina share ido, na ce albasa ce. Ba na sayar da albasa, Yaya.

Sai babban labari. Jiya mutumin jami'ar nan ya bugo waya, shi mai cewa gyaɗata ta yi gishiri. Ashe da ya koma sun zauna sun kalli bidiyon wasan Coffey Bend, wurin nan da aka maka yaron da ƙasa. Ya ce sau shida suka maimaita. Ya ce, "Mista Dubose, masu gudu muna da su, masu tsalle muna da su. Yaron da zai shiga tsakiya ya ga motar katako na zuwa, ya ƙi sakin ƙwallo, shi ne ba ma samu. Irinsa muke nema." Sun ba shi gurbin, shekara huɗu, karatu da ɗaki da abinci. Watan gobe za a sa hannu, kuma sa hannunki ake jira ba nawa ba, wanda hakan ya yi daidai. Marquel ya ce lissafi zai karanta. Ya ɗaga ni sama a tsakar gida, gwiwa da komai, sai da na roƙe shi ya sauke ni.

Jama'ar kasuwa sun dawo gaishe ni da hannu biyu. Koci Strickland ya sayi buhun dankali, ya ce da ma shi tun farko ra'ayinsa a huta da yaron. Na ce ai kowa ya shaida, Koci.

Earline na gaishe ki, Fasto na gaishe ki, ɗanki ya ce zai kira ki da kansa. Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Ƙanenki har kullum,
Cleotis Dubose

Af, na manta. Earline za ta soya kifi ranar sa hannu, ta ce in tambayo ki abin da za a rubuta a jikin kek. Na yi ta tunani na rasa. Bugun da ya kusa raba mu da yaron shi ne ya sayo masa karatu, kuma sun ɗauke shi ne don ya riƙa shiga wurin nan kowace Asabar, ranar wasan jami'a, har shekara huɗu. Ke da kika yi karatun jinya, Yaya: barka ake rubutawa, ko Allah ya kiyaye?