Kan da Christy Ta Gina

Makera, Kaduna
6 ga Oktoba, 1986

Baba,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya gida, yaya ƙafar nan da ba ka taɓa yarda tana ciwo ba?

Albishirinka, jikarka Christy ta zama gwana. Kowace Asabar in ba ni da aiki a masaƙa, mukan hau bas mu ƙetare gada zuwa gidan kayan tarihi, inda wani Malam Usman ke koya wa yara zane da ginin yumɓu. Yakan zaga da su su kalli kawunan Nok, irin waɗanda ake tonowa a wajenmu, sannan kowa ya gina nasa. Na Christy aka zaɓa za a nuna wa jama'a a Disamba. Ni kam tun ranar ba a jin kunne da ni a Makera.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Celina

Kwoi
19 ga Oktoba, 1986

'Yata Celina,

Alheri da salama su kasance tare da ke. Na karanta wasiƙarki, raina kuwa ya ɓaci. Da hannuna na farfasa gumakan gidan ubana ranar da aka yi mini baftisma, yau kuma jinina ke gina sabo a ɗora shi a gaban jama'a? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki kawo ta da Kirsimeti, za ta zauna wurina ta yi makaranta a nan.

Ubangiji ya kiyaye ki.
Mahaifinki, Istifanus

Makera
2 ga Nuwamba, 1986

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Ka gafarce ni, amma ba zan rabu da 'yata ba, ba kuma zan hana ta zuwa ajin ba.

Ba gunki ta gina ba. Malam ya ce kowane yaro ya gina fuskar wanda yake kewa, ita kuwa ta gina Mama, da tsagar kumatunta, har da yadda take tsuke baki in ka ja addu'ar abinci tuwo ya huce. Ka san har Mama ta rasu ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Da na gani kuka na yi a gaban yara, ban ji kunya ba. Na tambayi Christy ko za ta durƙusa wa kan da ta gina, ta yi dariya ta ce, "Kaka ce fa, ba Allah ba."

Gani ya kori ji. Na san ubana, ba ya yanke hukunci daga nesa.

Taka, Celina

Kwoi
15 ga Disamba, 1986

Celina,

Salama. Taron ikilisiya ya kai ni Kaduna, na je gidan kayan tarihin ban gaya miki ba. Na tsaya a gaban fuskar da Christy ta gina har mai gadi ya kawo mini kujera.

Na yarda Christy ta zauna wurinki. Amma in an gama nunin, ki naɗe uwarki a zane mai laushi ki kawo mini ita gida.

Mahaifinki, Istifanus