Aikin da Nura ya samu a Sifen

Daren Laraba, Daura

Autana Nura ya kira daga Sifen bayan la'asar, ya samu aiki a gidan abinci. Ina cikin hamdala sai ya ce, "Inna, giya nake zuba wa baƙi." Wai wata fara ce mai kumfa, marar ƙarfi, shi ke gaya musu ta fi daɗi in an haɗa da soyayyen kifi ko cuku. Ya rantse bai taɓa kurɓa ba. To ta ina ya san da kifi ake shan ta?

Tuwo ma na kasa ci.

Da maigidana Malam ya dawo daga masallaci ya tambayi labarin ɗansa, na ce abinci yake kai wa mutane. Ya ɗaga hannu ya sa wa aikin albarka. Da bakina na ce amin.